Karan da Na Bar wa Shanunku

Zuwa ga abokina Buba ɗan Baffa Ja'e, a duk inda Allah Ya sauke ku.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina gaishe ka, ina gaida Baffa da Inna, da ƙannenka, da abin da ya rage maku na dukiya. Mu nan muna lafiya, gwargwado. Lambarka ta daɗe da daina shiga. Wasu sun ce kuna wajen Nasarawa, wasu sun ce kun gangara Kurmi. Shi ya sa na rubuta a nan inda kowa ke gani, ko wani ya karanta maka. Rubutun boko a waya na tsince shi, ka san allo na yi, in harafi ya karkace ka yi haƙuri. Kai ma ai ba malami ba ne.

Ni ne Sani na gidan Malam Audu, Kaɗonka, wanda ya ɗaure maka ƙadangare a cikin malfa.

Maganar gonarmu ce ta hanyar 'Yankara, wadda kuke sauka duk rani. Baba zai sayar da ita.

Kana tune da yadda ake yi? Da an gama yankan dawa sai mu bar karan a tsaye, ba mai taɓa shi. Ku zo ku kafa bukka gindin gawo, shanu su ci kara da rana, su kwana a cikin gonar. Bayan 'yan kwanaki Baffa ya matsar da turakun gaba, haka haka har taki ya game ko'ina. Baba ya aika maku da dammunan dawa da kanwa, Inna ta aiko mamu da kindirmo. Ban taɓa jin an yi ciniki ba. Gaisuwa kawai suke yi, doguwa, ta ishe su.

Akwai shekarar da kuka tafi kiwo da hantsi, na zo na tuge turakun nan na maida su cikin 'yar gayaunata. Kai ka gani ka yi shiru, don na yi maka alkawarin rake. Da damina ta yi, dawata ta kere ta gandu tsawo, Baba ya tsaya yana kallo yana jinjina kai. Baffa ne ya ce mashi: "Malam Audu, wannan yaron naka ko shanu sai ya yi masu wayo." Raken kuwa har yau ban saya maka ba, ka ci gaba da jira.

A lokacin, in za a taya gona, tambayar farko ita ce: shanu na kwana a cikinta? In an ce eh, ba a ƙara dogon zance. Mutane daga Ƙanƙara sun sha zuwa su taya tamu, Baba ya yi masu dariya ya ba su ruwa su sha.

Yanzu tambayar ta sake, Buba. Sai a ce: in an yi gudu daga nan, ana isa gari? Faƙon bayan makabarta, wanda ko akuya ba ta tsayawa a kai, shi ne ya zama zinariya don yana jikin gidaje. Gonakin da ke bakin daji kuwa, masu baƙar ƙasa irin ta fadama, ko kyauta aka ba mutum sai ya yi shawara da matarsa. Tamu tana tsakiya. Ana zuwa, amma da kunne a buɗe, kuma kafin la'asar an dawo.

Tun da kuka tashi ba saniyar da ta sake kwana a cikinta. Takin zamani ya fi ƙarfinmu. Ƙuduji ya cika ta, furensa ja-ja kamar an yi mata ado, dawar kuma ta tsaya iya ƙugu ta ƙi gaba. Wani dillali ya zo daga Funtuwa, ya damƙi ƙasar ya murza, ya watsar, ya faɗi abin da zai biya. Ban iya maimaita shi a nan, kunya nake ji. Baba bai yi dariya ba wannan karon. Ya ce zai yi tunani.

Na dame shi da magiya har ya gaji. Ya ce: "To, in shanu suka kwana a cikinta ranin nan, na fasa." Ya san abin da ya faɗa. Ni kuma ka san ni. Na je na aro shanun huɗar maƙwabcinmu na ɗaure su a tsakar gonar, na kira shi ya zo ya ga baƙi. Ya yi dariya har da tari, rabon da in ji ta na manta. Da ya share ido sai ya ce: "Ba waɗannan ba, Sani." Muka koro su gida.

Don haka bana ban yanke kara ba. Kowa ya sare nashi ya sayar wa masu turka raguna, nawa kaɗai ke tsaye a duk faɗin wajen. Yara suna ce mani mai jiran aljanu. Ina zuwa da safe in zauna gindin gawon nan, 'ya'yansa na zuba a ƙasa ba mai ci. Duwatsun murhun Inna suna nan inda ta bar su. Wani lokaci in yi irin kiran da kake yi wa farar saniyarka, ba ya fita daidai, kuma ba wanda zai ce mani Kaɗo bai iya ba. Tsokana ma ashe sai da wanda zai rama.

Mai unguwa ya aiko cewa in sare karan kafin ranar kasuwa, don mutum na iya ɓuya a ciki. Ban ga laifinsa ba. An ɗauke mamu mutane a gonakin nan, kamar yadda aka kore maku rabin garke kafin ku tashi. Kowa da abin da ke cinsa.

Na fara takardar nan ne don in ce ka zo. Ko da 'yan shanu kaɗan, ko na kwana biyu, Baba ya gani da idonsa. Na ma tsara inda za a kafa turakun.

Amma jiya a teburin mai shayi na ce, da wasa, Buba na nan tafe da shanunsa. Ba wanda ya yi dariya. Waɗanda muka yi kokawa da su tare da kai a bakin rafi, kowa ya sunkuyar da kai cikin kofinsa. Ɗaya ya ɗago ya tambaye ni ta wace hanya za ka biyo. Ban ji daɗin yadda ya yi tambayar ba.

Kada ka zo, Buba.

In wani ya karanta maka wannan, ka saurara da kyau, ba tsokana ba ce. Ban iya tsare ka a hanya, ban iya tsare ka a gindin gawo. Gona ƙasa ce, ko ta koma hannun wani tana nan inda take. Kai kuwa guda ɗaya gare ni. Gobe da safe zan wasa adda in sare karan, in gaya wa Baba ya aika wa dillali.

Allah Ya tsare ku a inda kuke, Ya ba shanunku ciyawa da ruwa, Ya haɗa ku da mai gona mai mutunci. Allah Ya ƙara wa Baffa da Inna lafiya. Allah Ya sanyaya ƙasar nan tamu, daga Sabuwa har Ƙanƙara, Ya nuna mamu ranar da mutum zai ambaci abokinsa a bainar jama'a ba tare da ya waiwaya ba. Amin.

Naka har kullum, ko ka so ko ka ƙi,
Sani na gidan Malam Audu.