Kalmomi Arba'in da Ɗaya a Kaina

Lahadi, 6 ga watan Asoj

Yau Yangji, 'yar mai kamfaninmu, ta ajiye mini takarda a kan tebur, sunayen manhajoji uku a jere. Wai in zaɓi ɗaya da za a zuba duk kalmomin sirrin ofis a ciki. "Ke za ki zaɓa, Bimala Didi, ai ke kika fi kowa sanin aikin." Da wannan murmushin nata da ta koyo a Ostireliya.

Shekarata ashirin da uku a kamfanin nan. Tun muna ɗaki ɗaya a unguwar Thamel da waya ɗaya, ubanta Furba Dai yana kai baƙi hawan dutse, ni ina tsaron ofis. Ranar da muka buɗe imel na farko ya ce mini kada in taɓa rubuta kalmar a takarda, in riƙe a ka. Na riƙe. Yanzu sun kai arba'in da ɗaya: na jiragen sama, na takardun izinin hawa, na otal-otal, na inshora. Ba wanda ya taɓa jira na minti ɗaya.

Yarinyar da na share wa majina, tana bina tana Anti, Anti, ina ce mata Nani, wato 'yar ƙarama. Ta dawo da digiri, uban ya koma gefe yana jan carbinsa a wurin ibadarsu na Boudha, shi ke nan na zama Didi, wato yaya, yadda ake kiran ko mai kawo shayi.

Na san inda aka dosa. In abin da ke kaina ya koma cikin kwamfuta, me ya rage da za a ajiye ni dominsa? An ba ni wuƙa ne in zaɓi wadda ta fi kaifi.

Talata, 8 ga Asoj

Na gwada ta farko, mai alamar kwaɗo. Kyauta ce, kuma komai yana zama a kwamfutar ofis kaɗai. Na ce wa Yangji, to in ginin ya rushe fa? Ta san abin da nake nufi. Ranar girgizar ƙasa a titi na tsaya ba takalmi, da wayar aro na buɗe imel ɗinmu, na rubuta wa iyalai goma sha tara cewa mutanensu suna raye. Ita lokacin tana can tana karatu.

"Shi ya sa nake so a samu wurin ajiya na biyu, Didi," in ji ta. "Ke ma mutum ce."

Na gode da tunatarwa.

Laraba, 9 ga Asoj

Na bar madara a wuta har tukunyar ta ƙone. Gajiya ce, lokacin baƙi ya kama.

Lahadi, 13 ga Asoj

Ta biyu, mai alamar garkuwa. Ita ke ƙirƙiro kalmomin da kanta, tarkacen haruffa da lambobi kamar kyanwa ta taka madannai. Nawa kuwa kowace da ma'anarta. Sunan wani ƙauye a kan hanya, da tsayinsa, da farkon sunan jagoran da ya fi son kwana a can. In ina jero su kamar ina tafiya ne daga Lukla zuwa sama, ni da ban taɓa wuce filin jirgin Lukla ɗin ba.

Na yi kuskuren gaya wa Yangji haka. Ta ce ɓarayin intanet a minti kaɗan suke cinko irin wannan. Shekara ashirin da uku ba su cinko ba, sai yanzu da ta dawo.

Na ce ba ta yi mini ba, rubutunta ƙanana ne.

Talata, 15 ga Asoj

Ta uku ce ta fi ba ni haushi. Kalma ɗaya babba za ka riƙe, ita ke buɗe sauran, wannan duka ukun haka suke. Amma wannan tana da wurin da ake sa sunan magaji. In ya nemi a buɗe masa, kai kuma ka yi kwana bakwai ba ka ce a'a ba, sai ta buɗe masa komai. Wato manhaja ce da ke zaune tana jiran ka mutu ko ka zauce.

Yangji ta ce ita ce ta fi burge ta. Ai dole.

Mingma, ɗaya daga jagororinmu, ya shigo karɓar takardun ayarinsa, gobe za su tashi da mutum takwas. Na kira shi da sunan babansa. Ya yi dariya ya ce, "Didi, tsohon ya shekara goma da rasuwa, ko kin ga na fara furfura ne?" Na ce kama ce ta yi yawa.

Alhamis, 17 ga Asoj

Na shuka sha'irin bikin Dashain a kaskon Ama, mahaifiyata. Duk shekara sai na tuna ta a wannan rana, bana abin ya fi nauyi.

A Dashain ɗinta na ƙarshe ta sa mini tika, jan ɗigon albarka, a goshi, ta yi mini addu'a tsaf, sannan ta kalle ni ta ce, "Yarinya, 'yar gidan wa ce ke?" Ni da nake mata wanka. Amma ba safiyar da ba ta tambaya ko an ba Kali ciyawa. Ɓaunar da ubanta ya ba ta tana ƙarama, ta mutu tun kafin a haife ni. Ta manta ni, ta manta Baba, ba ta manta ɓauna ba.

Tana da sittin da biyu abin ya fara. Ni hamsin da tara. Ban san me ya sa na rubuta wannan ba.

Litinin, 21 ga Asoj

Zan rubuta yadda ya faru, don kada gobe in gyara wa kaina labarin.

Ƙarfe tara da kwata Mingma ya bugo daga ƙauyen Lobuche, can saman dutse. Wata Bajamushiya a ayarinsa, ciwon tsauni ya kama ta, numfashi yana ƙara, leɓe ya yi shuɗi. Masu helikwafta ba sa tashi sai inshora ta tabbatar, inshora kuma sai an shiga shafinsu an cika takarda. Aikin minti biyar. Na yi shi ya fi sau ɗari.

Na ɗora yatsu a kan madannai, babu komai. Ba wai na rikice ba. Wurin da kalmar take zama ne na tarar fayau, kamar ɗakin da aka kwashe kaya. Na san ƙauye ne. Na sa Pangboche, ta ƙi. Na sa Dingboche, ta ƙi. Yangji tana tsaye a bayana da waya a kunne tana cewa, "A hankali, Didi." Da na ce mata ban sani ba a lokacin, da an nemi sabuwar kalma ta imel, minti goma. Ban ce ba. Na gwada na uku, shafin ya kulle.

Sai da ta yi awa biyu da rabi tana waya da Turai kafin su buɗe. Kafin nan gajimare ya rufe kwarin, matuƙin ya ce ba zai shiga ba.

Mingma da masu dako biyu suka goyo matar, suna karɓa-karɓa, har Pheriche wurin likitoci.

Ina cikin bas zan koma gida kalmar ta dawo da kanta. Thukla. Ta zo ta zauna kamar ba ta je ko'ina ba.

Talata, 22 ga Asoj

Matar tana raye. An ɗauko ta da safe, tana asibiti.

Na shiga ofis a shirye a kore ni, har na kwashe hoton ɗana daga tebur na sa a jaka. Sai na ji Yangji tana gaya wa ubanta a waya wai shafin inshorar ne ya samu matsala. Haka ta gaya wa Mingma, haka ta gaya wa kowa.

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Yanzu ina ɗauke da alherin yarinyar da na koya wa ɗaura igiyar takalmi, kuma ta san na sani. Ba ta ko ɗaga maganar manhajar ba. Takardar tana nan inda ta ajiye ta, na ɗora kofin shayi a kai.

Mingma ya turo saƙo: "Didi, bayana ya karye, ki tanadar mini momo faranti uku." Abincin da ya fi so ke nan, ƙullin fulawa mai nama a ciki.

Asabar, 26 ga Asoj

Tika a gidan ƙanena. Yanzu ni ce babba, ni ke sa wa kowa. Yara suna zuwa suna durƙusawa, bakina yana addu'a, kaina yana hawan dutse, yana jero kalmomin sirrin. Lukla, Phakding, Monjo. Na kai talatin da takwas na tsaya. Na sake daga farko, talatin da takwas.

Sunayen yaran dai duka na kira daidai. Na lura ina ƙirga wannan ma.

Yangji ce ke tsaron ofis, mutanensu ba sa bikin Dashain. Ko sau ɗaya ba ta kira ta tambaye ni wata kalma ba. Ban sani ba ko tausayi ne, ko tsoron abin da za ta ji.

Alhamis, 1 ga Kartik

Na ce wa Yangji na zaɓi ta uku. Na ce don rubutunta ya fi girma.

Muka rufe ƙofa, ina faɗa tana shigarwa. Ƙauye bayan ƙauye, manhajar tana goge nawa tana sa tarkacenta. Ukun da suka ɓace ta nemi sababbi ta imel, ba ta ɗago kai ba. Kafin a kawo shayin rana an gama. Shekara ashirin da uku, awa ɗaya da minti arba'in.

Na ce, "To Madam, sai yaushe zan miƙa makullin ƙofa?"

Ta ce, "Anti, don Allah ki bari. Wannan abar ta san wane jagora ne ba a haɗa shi da tsofaffi? Ta san wane otal ne ke ƙaryar ruwan zafi?"

Daɗin baki ne. Nan da shekara ita ma za ta san duk wannan. Amma Anti ta ce, na ji da kunnena.

Lahadi, 4 ga Kartik

Na duba kalanda, Lahadi ce.

Na buɗe tawa ta kaina a waya, daban da ta ofis. Ba wani abu ba ne, tunda an riga an koya. Na sa lambar wayar, da ta asibiti, da imel ɗin da nake magana da ɗana a Katar, da wurin da hotunan Ama suke.

Babbar kalmar ce ta ɗauke ni yini guda. Sun ce a zaɓi abin da ba za a manta ba. Na zauna ina tunanin wace ce Kali tawa, abin da zai rage in sauran sun tafi. Ba sunan ɗana ba ne, na ga yadda sunan ɗa yake tafiya. Na samu dai. Ba zan rubuta a nan ba, Furba Dai ya hana.

Wurin magaji na daɗe ina kallonsa. Ɗana yana nesa, kuma zai tsorata. Na sa imel ɗin Yangji. A wurin suna na rubuta Nani, ba wanda zai gani.

Kwana bakwai suka sa a matsayin lokacin jiran magaji. Na mai da shi uku. Bakwai ya yi yawa a lokacin baƙi.