Kafson Zawon Haƙori Ya Ɓata Bakin 'Yata

Anti Baraka, don Allah ki taimake ni, takaici ya cika mini ciki. 'Yata Halimatus Sa'adiyya shekararta bakwai. Da ta yi famfara, sababbin haƙoran suka fito da launin ƙasa, layi-layi, kamar na tsohuwa mai cin goro. Wallahi ni uwarta, in ta buɗe baki sai na ji ƙyama, sannan in ji haushin kaina. 'Yan ajinsu sun sa mata suna Daushe, yanzu sai ta rufe baki take dariya. Dangin mijina kuwa cewa suke ni ƙazama ce, ni da nake dirzar haƙoran nan da gawayi da gishiri har dasashi ya yi jini.

Maƙwabciyata Martha, malamar asibiti, ta ce kafso ne sila. Tun yarinyar tana goye, duk zawon da ta yi sai surukata Hajiya ta ce na haƙori ne, a sayo kafson nan ja-da-yalo a kemis, ta fasa a kunu ta ɗura mata. Ga shi ta fara yi wa jaririna Abbas. Mijina ya ce in rufa masa asiri, kada in ja da mahaifiyarsa. Yaya zan yi?

Uwa mai takaici, Ƙofar Sauri, Katsina

Ƙanwata, Martha ta yi gaskiya. Kafson nan yana shiga haƙoran da ke ginuwa ƙarƙashin dasashi ya rine su tun daga ciki, don haka ba datti ba ne. Ajiye gawayin nan yau. Haƙori yakan ɗan gyara cikinsa a hankali, amma ɓawonsa in ya zaizaye ba ya dawowa. Ki kai yarinyar wurin likitan haƙori, akwai yadda ake rufe launin in ta girma. Kuma ki gyara fuskarki, yarinya tana karanta idon uwarta.

Masu sayar da maganin nan don jarirai su ne abin ƙyama. Hajiya dai so ne ya ja ta, kada ki ci fuskarta. Maigidanki ya kai ta asibiti tare da jikokin, ta ji daga bakin likita. Amma kafin nan kafson ba zai sake shiga cikin Abbas ba, ko da za a kira ki marar kunya. Zagi yana wucewa, haƙoransa kuwa da su zai tsufa. Allah ya raya miki su, ya sanyaya zuciyarki.

Anti Baraka