Kafin a Sake Tsaga Ƙirjin Goni Sammani

Zuwa ga: Babban Likita mai duba asibitocin Lardi, Kano.
Daga: Yagana Kaka, mai sayar da turaren wuta a Kasuwar Sabon Gari, mazauniyar Kwaciri, Fagge. Ta hannun Hambali, mai rubuta wasiƙu.
Ranar Litinin, 3 ga Nuwamba, 1958.

Game da: Aikin tiyata na uku da ake shirin yi wa Goni Sammani ranar Alhamis, 13 ga Nuwamba.

Ranka ya daɗe,

Mai ƙorafi tana durƙusawa da gaisuwa, tana neman afuwar shiga gabanka ba da sallamar kowa ba. Ita ce yayar Goni Sammani, mahaddacin Alƙur'ani, mai shekara hamsin da biyu, wanda ke kwance da ciwon dajin huhu a wani asibiti da ke ƙarƙashin kulawarka. Ita ta goye shi yana jariri, ita ke jinyarsa yau. Tsoronta shi ne a sa shi barci a karo na uku ya ƙi farkawa, ba tare da an taɓa gaya masa haɗarin ba. Ga koke-kokenta:

1. Ranar 11 ga Fabrairu aka yi masa aikin farko, aka cire wani sashe na huhunsa na hagu. Kan wannan ba ta da ta cewa sai godiya. Ya koma gida da ƙafarsa, har ya ci gaba da jan limanci a unguwa.

2. Da tarin jini ya dawo, aka sake buɗe shi ranar 19 ga Agusta. Babu wanda ya zaunar da shi ko ita ya ce aiki na biyu ya fi na farko haɗari. Sai bayan an gama, wani ma'aikaci, wanda ba za ta ambaci sunansa ba don kada ta taɓa masa abincinsa, ya ja ta gefe ya bayyana mata cewa wurin da aka taɓa yankawa yakan manne da haƙarƙari, sai an ɓamɓare, jini ya yi ta zuba, rauni ya ƙi haɗewa. Ashe an sani.

3. Tun daga ranar raunin bai rufe ba. An sa masa roba a gefen ƙirji, mugunya na sauka cikin kwalba dare da rana. Muryarsa kuma ta tafi. Mutumin da ake jiyo karatunsa daga bakin titi, yanzu sai an kara kunne a bakinsa. Wannan ya fi komai ƙona mata rai.

4. An shaida mata cewa takardun asibiti sun nuna yana da ƙarfin ɗaukar aiki na uku. Ranka ya daɗe, a nan kuskuren yake. Goni mutum ne mai kunya, kuma a wurinsa likita baƙo ne, baƙo kuwa ba a tarbarsa a kwance. Da ya ji takun takalma sai ya yunƙura ya zauna, ya gyara rawani, ya tura tsumman da ya tofa jini a ciki ƙarƙashin katifa, ya yi murmushi. Likita ya duba, ya rubuta, ya wuce. Da an fita sai ya zube, ya yi sa'a guda yana neman numfashi. A lokacin zagayen likita ana korar masu jinya waje, saboda haka wadda ke wanke tsummokin nan ba a taɓa tambayarta komai ba. Rawani aka duba, ba a duba mutum ba.

5. Ranar 30 ga Oktoba, tana kasuwa, aka kawo takarda da Turanci, aka kama babban yatsansa aka dangwala. An ce wai ya yarda ke nan. Da ta dawo ta tarar da shi yana kallon tawadar a yatsansa, hawaye na bin gemunsa.

Saboda haka mai ƙorafi tana roƙon a dakatar da aikin ranar 13 ga wata. A sake auna shi lokacin da bai shirya wa baƙo ba, kuma a bar ta a ɗakin. A sami likita ya faɗa masa da Hausa ko Barbarci, harshensu na gida, ba tare da rufa-rufa ba, me aiki na uku zai iya ƙara masa, me kuma zai iya rage masa.

Ba ta neman diyya, ba ta neman a kori kowa. Ta san rai na Allah ne. Idan Goni ya ji gaskiya ya zaɓi wuƙa, ita za ta raka shi har ƙofar ɗakin tiyata. Idan ya zaɓi ya ƙarasa kwanakinsa a Kwaciri, inda za a laƙƙana masa kalmar shahada yana ji, to, a sallame shi. A miƙa masa allo da alƙalami ya ba da amsa da kansa. Ya rubuta Alƙur'ani da ka har sau uku da hannun nan da aka kama aka dangwala.

Allah ya ja zamaninka, ya sa wannan takarda ta riga ranar Alhamis isa gabanka.

Mai tawali'u a gare ka,
Yagana Kaka (ta sa yatsa, bayan an karanta mata ta yarda)
Hambali, mai rubutu, Fagge.