Itacen Jego a Tungar Marke

Gusau, ranar Lahadi.

Zuwa ga Kawuna, Malam Yazidu, Bungudu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Na san ba ka riƙe waya, shi ya sa na ba direban motar Bungudu wannan takarda.

Kawu, alfarma nake nema. Na gaji. A ofis kwamfuta, a gida waya, idanuna har ruwa suke yi. Maigidana Bello yana wajen aiki a Tsafe duk mako, in ya dawo kuma kowa ya sunkuya kan wayarsa kamar masu tsintar tsaba. Dangi kuwa ba su fasa bugowa suna tambayar "har yanzu shiru?" ba, sai ka ce ni ke ba da haihuwa.

Ni da Bello mun yi alkawari ranar Juma'a, da an sauko daga masallaci, kowa zai kashe wayarsa ya bar ta, mu tafi gidan kakanni a Tungar Marke mu kwana biyu. Na san mutane sun watse daga can tun shekarun tashin hankali, amma an ce an samu sauƙi, manoma suna zuwa da rana. Ruwan randa nake so in sha, in ji kukan kurciya. Ka taimake ni da makulli, ka sa a duba ko rufin ɗakin kakata, marigayiya Inna Jummai, yana nan.

Ka huta lafiya. 'Yarka, Suwaiba.

Bungudu, ranar Talata.

Zuwa ga 'yata Suwaiba.

Aminci da rahamar Allah su tabbata a gare ki. Bayan haka, takardarki ta iso, kuma na yaba da niyyarku, domin kunnen da bai huta da surutu ba da wuya ya ji nasiha.

Na aiki Buba, tsohon aminina mai kiwo a kusa da tungar. Da ya dawo, tun daga ƙofar zaure yake dariya.

Ya ce, "Malam, ashe haka kake? Suna za a yi, ka ɓoye mini don kada in ci naman!"

Na ce, "Wane suna, Buba? Ko tsufa ya fara taɓa ka?"

Ya ce, "Tsufa dai gare ka. Kwaɗon ƙofa yana nan a kulle, tsatsa ta ci shi. Ta inda katanga ta zube na leƙa. An share tsakar gida tas. Randa cike da ruwa, har tana gumi. A ƙofar ɗakin tsohuwarka an tara itacen marke ya kai ƙirjina, ga babbar tukunya a kan murhu, ga ganyen runhu ɗanye a gefe. Ko yaro ya gani ya san shirin wankan jego ne."

Na ce, "Wa ka gani?"

Sai dariyar ta ɗauke. Ya ce, "Sawun tsintsiya na gani, Malam. Sawun ƙafa kuwa ban ga ko ɗaya ba."

'Yata, ban gaya wa kowa zancen zuwanku ba sai shi. Akwai tambayar da ba ta dace da bakin kawu ba, amma lalura ta sa zan yi ta: shin akwai wani alheri da Allah ya yi miki wanda ba mu sani ba? Makulli zai zauna a wurina har in ji daga gare ki.

Allah ya tsare ki. Kawunki, Yazidu.

Gusau, ranar Laraba.

Kawu, ina gaisuwa.

Na karanta takardarka ina zaune, sai na ga na miƙe tsaye. Gaskiya ne. Wata biyu ke nan. Ban gaya wa kowa ba, ko Bello bai sani ba. Bayan wannan dogon jira ban so ya ji a waya ba. A gidan da aka haifi mahaifiyata nake so in faɗa masa, muna zaune a tabarma.

Amma Kawu, ban ji tsoro ba. Daɗi na ji. Ka manta Inna Jummai ce take karɓar haihuwar duk matan tungar? Kafin ta rasu ta sha ce mini, "Ke ƙazamar birni, ranar da kika samu, ni zan dafa miki ruwa ko kina so ko ba kya so." Kwanan nan kullum sai na yi mafarkin gidan, kuma ina farkawa da ƙamshin hayaƙin marke a mayafina. Duk wanda ya share gidan nan, maraba yake yi da ni. Shekarun nan duka ba wanda ya tara mini ko kara ɗaya.

Don Allah ka ba ni makullin. Zan biyo ta wurinka ranar Juma'a, Bello zai same ni daga baya.

'Yarka, Suwaiba.

Bungudu, ranar Alhamis.

Zuwa ga 'yata Suwaiba.

Bayan sallama, na yi sujadar godiya da na ji labarinki. Allah ya inganta, ya sauke ki lafiya. Saboda wannan kyauta ne zan hana ki abin da kika roƙa.

Ki saurare ni da hankali. Matacce ba ya shara. Mahaifiyata tana inda Ubangijinta ya ajiye ta, aikinta ya yanke, addu'armu take bukata. Saura ɗayan biyu. In mutum ne, to ya san abin da kika ɓoye wa mijinki, shi kuma yana ɓoye fuskarsa. Kin kuma san irin mutanen da suke fakewa a gidajen da aka gudu aka bari. In kuwa ba mutum ba ne, to neman tsari aka umarce mu da shi, ba amsa gayyata ba.

Sannan ki yi tunani a kan itacen nan. Ba a hura wutar jego sai an haihu. Ke kwana biyu kika nema. Shi kuwa mai masaukin ya shirya ne ki zauna har ki sauka, ki yi arba'in a hannunsa. Wanda ya yi irin wannan tanadi bai yi niyyar rakiya ba.

Jiya Buba ya sake bi ta can. Itacen ya ƙaru. Shanunsa sun tsaya cak a bakin hanyar, sai da ya zagaya da su ta bayan rafi.

Ku zo gidana. Nan ma babu waya, akwai randa, kurciyoyi kuma har sun ishe mu a kan darbejiya. Ki faɗa wa mijinki albishir a tsakar gidan nan, mu yi muku addu'a. Ki riƙe azkar ɗin safe da yamma, kuma ki daina ba kowa labarin mafarkin.

Kawunki mai ƙaunarki, Yazidu.

Bungudu, ranar Juma'a bayan la'asar.

Zuwa ga Malam Bello, Tsafe. A hannun mai babur, da gaggawa.

Assalamu alaikum. Na sa maƙwabcina ya kira wayarka, a kashe take.

Suwaiba ba ta iso gidana ba. Direba ya ce ta sa ya sauke ta a mararrabar Tungar Marke, da tabarmarta a hannu. Tana ɗauke da juna biyu. Ka yafe mini da ka ji daga bakina. Makulli yana aljihuna, amma Buba ya ce ƙofar a buɗe take, kuma hayaƙi yana tashi daga tsakar gidan.

Mun tafi ni da shi. Ka biyo mu da mutane kafin magariba. In ka iso ka yi sallama, aka amsa maka daga ciki da muryar da ka sani, ko tawa ce, kada ka shiga sai ka ga fuska.

Allah ya isar mana. Yazidu.