Ki Daina Cewa In Yi Sauri

Maman yara,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya ƙafar Inna? Auta ta fara tafiya kuwa? Ni lafiyata ƙalau, sai ciwon bayan nan da ya saba yi mini tsiya.

Maigidana, wanda nake wanke wa ƙaramin jirginsa na sama ina zuba masa mai, ya rasu ranar Talata. Injin ba abin da ya same shi. Hadari ne ya haɗo, sauran matuƙa suka ce ya bari sai gobe, ya ce 'yarsa na naƙuda, a gida zai kwana. Ya tashi, jirgin ya faɗo da shi. Tsofaffin makanikanmu sun ce ɗokin gida ya fi lalacewar ƙarfe kayar da irin jiragen nan.

Tunda na zo bai taɓa kiran sunana ba, kullum "kai". Amma bai taɓa danne mini hakki ba. Da na ga takalman jaririn da ya manta a kan bencina, sai da na nemi wuri na zauna.

Yanzu aiki ya tsaya, ban san ranar zuwana ba. Don Allah ki daina rubuto mini "ka yi sauri ka dawo", zuciyata na jin maganarki fiye da kima. Ki ce in zo lafiya kawai.

Allah Ya haɗa fuskokinmu.

Naki,
Baban yara