Duwatsun Murhun Inna

Daren Laraba, Yawuri.

Ranka ya daɗe Mai Unguwa, ni Ɗanjumma, mai rubuta wannan da hannuna, ina ba da wannan shaida.

Domin a zuba siminti a madafa da banɗaki, na umarci magini ya tone duwatsun murhun marigayiya Inna, waɗanda ta ɗauko daga garinsu da ruwan Kainji ya cinye. Yau da azahar muka tarar da gurbinsu cike da ruwa mai sanyi, alhali rani ake ciki. Muka kwashe, ya dawo.

Magini ya ce, "Maigida, mayar mata da kayanta, ko ka nemi wani magini."

Na mayar. Kafin la'asar ƙasa ta bushe. Ban ji tsoro ba, rubutun ne kawai yake karkacewa.

Shaiduna su ne Audu magini, ƙanwata Hajara, da maƙwabcina Sani masunci.