Takardar Awon 'Yar Tsana

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar ƙani ga wadda ta goya shi. Yaya ƙafar nan da ke damun ki in kin daɗe a kan keken ɗinki? Yaya maigidan da yara, da Auta tawa? Ni lafiya lau, sai gajiya, ita kuwa ta zama maƙwabciya, ba a kai ƙararta.

Ga 'yar tsanar da Auta ta dame ki a kanta na ba direban nan ya kawo. Na naɗe ta da tsofaffin takardun wurin aiki don kada ta karye a hanya. Ba mantuwa ce ta sa na jinkirta ba. Shekara uku ina aiki a kamfanin 'yan tsana, ban taɓa sha'awar ganin ɗaya a hannun 'yata ba. Amma kin ce duk 'yan ajinsu suna da ita, kuma yarinyar da ta rasa uwa bai kamata a ƙara mata wani rashin ba. Gaskiyarki.

Kin sha tambaya ta me nake yi takamaimai. Zama nake a ƙarshen bel, wato shimfiɗar da inji ke ja da kaya a kai, 'yan tsanar kuma suna tahowa a kwance, tsirara, ɗaruruwa, kowacce da murmushi iri ɗaya. A hannuna akwai wani ƙarfen awo mai buɗaɗɗen baki. In ƙugunta ya shige, ta wuce a dasa mata gashi a sa mata riga. In ya cije ko da kaurin farce ne, sai kwando, daga kwando sai injin niƙa. Haka hanci, haka launi: robar ta ɗan ƙone ta yi duhu, shi ke nan an gama da ita. Warin ya kama ni har ko burodi na gatsa sai in ji kamar ƙafar ɗayarsu nake tauna.

Akwai wani dattijo a nan mai sassaƙa siffar da ake zuba robar a ciki, ya fi shekara arba'in yana yi. Ya ce da can teloli ne ke ɗinka wa 'yar tsana ƙaramar riga su aika wa matan masu hali, su ga yayi kafin su ba da ɗinki. Ashe 'yar aikenku ce, Yaya, ba abin wasan yara ba. Ya nuna mini kantar da ya jera duk wadda kamfanin nan ya taɓa yi. Ta farko jaririya ce mai kumatu, irin wadda yarinya za ta goya ta lallasa. Sai masu kamfanin suka lura jaririya riga ɗaya ta ishe ta, budurwa kuwa kullum sabuwa take so. Tun daga nan, kowacce a kantar ta fi ta gabanta tsukewa. Ta yanzu, in ji shi, da mutum ce babu inda za a sa hanji, kuma ko tsayuwa ba ta iyawa sai an riƙe ta.

Ban ga laifin ma'aikata ba. Matan da ke kusa da ni 'ya'ya suke ciyarwa, kamar ni. Amma wallahi wani lokacin in na dubi bel ɗin nan sai in kau da kai.

Ki shafa mini kan Auta.

Naki,
Ƙaninki

Yaya,

Sallama da gaisuwa, da fatan kowa yana lafiya, ko da yake wasiƙarki ta riga ta gaya mini ba haka ba ne. Sau uku na karanta ta a tsaye.

Kin ce kwana goma Auta tana tsakurar abinci tana tura sauran ƙarƙashin gado, har wari ya tona. Kin ce kin kama ta da tef ɗinki na awo, ta ɗaure ciki da ƙyallen da kika yar har ya yi mata shata, ta maƙale hanci da abin maƙale shanya. Kika ɗauka laifin 'yar tsanar ne, sai da kika ɗaga matashinta kika ga ɗaya daga takardun da na naɗe 'yar tsanar da su, ta goge ta ta ninke kamar takardar gado.

Bari in faɗa miki ko mece ce, don ki san girman wautar ƙaninki. Yawancinmu a nan baƙi ne, ba ma karanta harshen garin, shi ya sa aka yi mana ƙa'idar aiki da zane. A sama ga wadda ake so, da alamar daidai a gefenta. A ƙasa ga mai kaurin ƙugu, ga mai faɗin hanci, ga mai duhun fata, kowacce an soke ta da ja, da kibiya tana nuna kwando. Kullum in na tashi daga aiki sai in sa hannu a ƙasa. Takarda ce da aka yi don ko wanda bai taɓa shiga aji ba ya gane, to ina ga yarinya 'yar shekara tara mai ido kamar na Auta? Kuma ta san sa hannuna. Ni da na ga takardar sau dubu har na daina ganin ta, na ɗauka abin naɗi ne kawai.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne tambayar da kika ce ta yi miki, wai ko shi ya sa Baba ya tafi bai dawo ba. Hancin da take maƙalewa nawa ne, Yaya. Launin kuma na mahaifiyarta ne, Allah Ya ji ƙanta, wanda na yi shekara biyu ina zarya a kansa.

Na je wurin shugaban sashenmu, wanda muke kira Mai Agogo, na roƙe shi ɗaya daga cikin na kwando, mai duhu mai ƙugu, in aika wa yarinyar ta ga ita ma 'yar tsana ce. Ya saurare ni har ƙarshe, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya ce shi ma yana da 'ya'ya mata, amma sunan kamfani yana bayan kowacce, ba a barin mummuna ta fita ƙofa. Mummuna, haka ya ce, yana kallon fuskata, kuma bai ji ya faɗi wani abu ba. Na koma kujerata na ci gaba da zuba su a kwando har aka tashi.

Don Allah kada ki dake ta, kada kuma ki ƙona 'yar tsanar a gabanta, sai ta ɗauka don ba ta cancanta ba ne. Ga wata 'yar wasiƙa daban na rubuta mata, ki karanta mata a hankali.

Allah Ya saka miki.
Ƙaninki

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaishe da maigidan da ya ɗauke ta zuwa asibiti ya bar aikinsa. Na ji abin da likita ya ce, cewa ta rame ƙwarai kuma jiri ne ya kayar da ita a makaranta. Allah Ya ba ta lafiya.

Saƙonta ya iso. Duk kalaman da na tsara mata, cewa ta fi kowace roba kyau, ba ta tanka ko ɗaya ba. Ta san magana ce irin ta iyaye. Abin da ta aiko shi ne zanen kanta da fensir, a tsaye, hannuwa a gefe kamar na kan bel. Ba ta yi wa kanta ƙarya ba, ta sa hancin yadda yake, ta cika fuskar da baƙin fensir har takardar ta kusa hujewa. Ta rubuta awon ƙugunta. A gefe ta zana ɗan akwati babu komai a ciki, a ƙasa ta ja layin sa hannu.

Kin ce in sa mata alamar daidai a akwatin kawai mu huta, tunda ta rantse ba za ta ci ba sai ta gani. Kwana uku ina yawo da takardar a aljihu. In na sa, na yarda ke nan cewa ita abar awo ce, ni kuma mai awonta, kuma gobe wani zai iya zuwa da jan biro. In na ƙi, za ta karanta akwatin da babu komai a matsayin kwando. Na nuna wa dattijon nan. Ya daɗe yana kallo, ya ce ta fi masu zanen ofis hannu, sannan ya juya ya shiga goge abin da ba ya bukatar guga.

Na sa, Yaya. Da biron aiki na sa, na kuma sa hannu a kan layin. Ban taɓa yin abin da ya ba ni ƙyamar kaina irin wannan ba, amma sai yarinya ta ci abinci ake koya mata gaskiya.

Na nemi hutun wata guda. Mai Agogo ya ce kujerar ƙarshen bel ba ta jiran kowa. Na ce na sani, na ajiye masa ƙarfen awon a kan tebur. Ban san me zan yi a gida ba, wataƙila ki koya mini sa maɓalli.

Wasiƙar nan za ta riga ni da kwana huɗu ko biyar. Ki ba ta takardar da hannunki, ki zuba mata abinci tun da zafinsa, ki zauna har ta cinye. Kada ki ce mata ina hanya sai ta ƙoshi, don kada ta ce za ta jira in zo in duba da idona.

Ki gaishe da kowa.

Ƙaninki,
Baban Auta